Ranar da na hana kowa caji

Mu huɗu ne a tsakar gida ranar: ni, da babban ɗana mai kai kayan gwari Kano daga Gezawa, da matarsa, da 'yarsu mai karatun aikin jinya. Ta biyar ɗinmu kwamfuta ce, an ɗora ta a kan turmi a kife.

Ta daɗe tana wani irin ciwo. In an kunna ta sai ta ce za ta sabunta kanta, ta yi nisa, ta fasa, ta dawo hayyacinta na ɗan lokaci, ta sake mutuwa. Ɗana ya ce gobe zai tafi da ita kasuwa a wanke ta tas, a share duk abin da ke cikinta.

Na ce, “In an wanke, muryar Malam fa?”

Malam shi ne mahaifinsa. Karatun da marigayi maigidana yake ba magidanta a zaure, jikata ce ta ɗauka da waya kafin rasuwarsa. Wayar ta lalace, babu inda muryar ta rage sai cikin kwamfutar nan. Ita kuma ba ta tsayawa har a kwashe abin da ke cikinta.

Yarinyar ta ce, “Baba, a bar min ita yau kawai. Antibairos ɗin da mai shago ya saka ne yake tare hanya.”

Na ce ta yi min Hausa. Ta ce mai gadi ne aka saka wa kwamfutar don kada cuta ta shiga, to ya cika zaƙewa, har gyaran da masu kwamfutar suka aiko yake korewa. Za ta dakatar da shi, gyara ya shiga, sannan ta mayar da shi bakin aiki. Matsala ɗaya: batirin kwamfutar ya mutu tuntuni, da sola take rayuwa. In wuta ta yanke ana tsakiyar aiki, komai na iya tafiya.

Damina ce, hadari ya rufe rana tun safe. Solar tamu kuwa rabin unguwa ke caji a jikinta, ba a sallama ma, a shigo a jona a fita.

Na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin da batirin sola yake, na ɗauko kuɓewa ina yanka. Wayar ɗana na fara zarewa.

“Inna, dillalai za su kira ni!”

“Su kira Kano.”

Surukata ta nufi fanka, na dube ta sau ɗaya, ta koma ta ɗauki mafici. Bayan azahar Hajiya ta gidan gaba ta shigo da wayarta, wai ɗanta zai bugo daga Legas. Tare muka yi 'yan matanci da ita, amma na ce yau babu. Ta ce, “Lallai, an yi sola an san mutane.” Ta fita ko sallama.

Jikata ba ta ɗaga kai ba. Na ga goshinta yana zufa, leɓenta yana motsi. Na ce, “Ke, addu'a kike ko zagin ta?”

“Duka biyun, tsohuwa.”

Kwamfutar ta mutu ta farfaɗo, ta sake mutuwa. Ana kiran la'asar ta buɗe sosai ta tsaya. Yarinyar ta danna wani wuri, sai ga Malam yana gyaran murya kamar yadda ya saba kafin ya ja baƙi. Ɗana ya cire hula ya zauna a ƙasa. Ni ban yi kuka a gabansu ba. Na dai ce da uban, “Ka ji, 'yarka ce ta yi wannan, ba kasuwa ba. Gobe abin kwafe muryar nan za ka sayo mata.”

Da gari ya waye na yafa mayafi na shiga gidan Hajiya. Na karɓi wayarta da hannuna, na ce in ta gama fushi ta zo ta ɗauka a cike. Kafin in fito sai da na zaunar da ita ta ji abin da jikata ta yi, daga farko har ƙarshe.