Hansai Mai Ƙarasa Aikin Mutane

Tun muna 'yan mata a Maska na san Hansai, kuma har yau ban taɓa ganin ta fara wani aiki ba. Ƙarshensa kawai take so. In aka kai mu ɗiban auduga, ciwon kai ne zai kama ta tun hantsi, ta kwanta a inuwar ɗorawa. Da an fara ɗaure kaya sai ta warke garau, ta zaɓi ƙunshin da ya fi girma ta ɗora a ka, ta shige gaba don a gan ta a bakin gari.

Girma bai rage mata komai ba. Ta yi aure a Malumfashi, mijin ya rasu, ta dawo Maska da halinta. A gidan biki ba ta zuwa sai tuwo ya silala. Sannan za ta ɗaure ƙugu da gyale, ta fizge mara daga hannun wadda ta sha hayaƙi tun safe, ta kwashe malmalar ƙarshe tana nishi. Baƙi su yi ta yi mata sannu da aiki, ita ko kunya babu, ta ce ai yi wa kai ne. Akwai yarinyar da ƙanwarta ta raina tun daga yaye, Hansai ba ta taɓa saya mata ko sabulu ba, amma ranar ɗaurin aure ita ce uwar amarya, har da kukanta.

Duk wannan dariya muke yi, mu taɓe baki mu wuce. Abin da ta yi wa Barakatu ne ya sa na daina dariyar.

Barakatu 'yar garin Dayi ce, matar Mahadi ƙanen Hansai, manomin masara da waken suya. Katanga ce kawai tsakanin gidana da nasu. Ta daɗe da aure ba goyo, mutane suna cewa ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. Gaskiyar ita ce ciki yakan shiga ya zube, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Daga mijinta sai mahaifiyarta sai ni muka sani. Ta gwammace a kira ta juya da a taru a kanta ana tausaya mata.

Bara da damina cikin ya zauna fiye da yadda ya saba. Ta shigo wurina cikin zumbulelen hijabi, ta ce in koya mata saƙa. Na ce ta fara da shawul ɗin jariri, don shi ne mai sauƙi ga ɗan koyo. Ba shi da hannu, ba shi da wuya, ka je ka dawo ne kawai a layi. Na ba ta tsohon kwarashina, ta fara gwaji da zaren buhun taki, har sarƙarta ta daina karkacewa. Sannan Mahadi ya sayo mata ulu ruwan ƙwai a Funtua, ya shigo da shi a ƙasan kayan cefane.

Ba zan ce saƙarta ta yi kyau ba. Tana matse zare kamar za a ƙwace mata, wani layin ya tsuke, wani ya saki. Amma kullum in ta gama shara da girki sai ta ja labule ta ƙara kaɗan, ta naɗe ta sa a kwalla ta rufe. A nan ba a baje kayan jariri kafin a ji kukansa, balle ga wadda ta sha abin da ta sha. Buri ɗaya gare ta, kada kowa ya sani sai abin ya zo hannu.

Saura baki kawai, wato adon gefe, a yi wa shawul ɗin, sai ga Hansai ta zo aron kwalla za ta biki Kafur. Ba ta jira a miƙo mata ba, ta kutsa ɗaki ta buɗe da kanta. Ina jin su ta katanga.

"Au, ashe abin da kuke ɓoyo ke nan? Ni yayar mijinki za ki rufe wa?"

"Don Allah Yaya ki mayar. Ban gaya wa kowa ba."

"To wa zan gaya wa? Dubi yadda kika jagwalgwala shi. Kawo in yi masa baki ya zama abin kallo."

Barakatu ba ta iya musu da dangin miji. Hansai ta tura shawul a jaka ta fice, kwallar ma ta manta da ita.

Da ta so, a ɗakinta za ta yi bakin nan ta gama kafin la'asar. Amma aikin da ba a gani ai ba aiki ba ne a wurin Hansai. Sai da ta bari mata sun cika tsakar gidan biki, sannan ta baje tabarma, ta shimfiɗa shawul a cinya, ta ciro jan zare. Ba a jima ba wata ta tambaya na wane ne.

"Na ɗan ƙanena Mahadi ne da ke tafe," in ji ta. "Matarsa dai Allah ya dube ta. Ni nake ta fama, idona har ya fara ciwo."

Kafin motar 'yan biki ta dawo, labari ya riga ta isowa Maska. Mata suka yi ta sallama gidan Mahadi, wannan aron turmi, waccan neman wuta, kowacce idonta a kan cikin Barakatu. Ta daina zuwa Islamiyya, ta daina leƙo ni. Shawul kuwa yana jakar Hansai, yana yawon gidajen suna ana yaba mata hannu.

Ana cikin girbin masara cikin ya zube. Ban ɗora wa Hansai wannan ba, iko ne na Allah, kuma ma'aikatan asibiti sun yi iya yinsu. Abin da na ɗora mata shi ne taron. A da Barakatu takan yi kukanta a ɗaki, ta wanke fuska ta fito. Wannan karon gari guda ya zo jaje, tana zaune a tsakiya kanta a sunkuye, kowacce na ba ta labarin wata da ta yi ɓari har ta tsufa. Hansai ce a bakin ƙofa tana karɓar gaisuwa, tana share ido da gefen gyale.

Da mutane suka ragu, saura mu kaɗan, sai ta ciro shawul ɗin daga jaka. Na ɗauka mayarwa za ta yi.

"Barakatu, sai haƙuri," ta ce. "Wannan tunda yanzu ba shi da amfani a nan, jikar marigayi mai gidana ta haihu a Malumfashi. Zan kai mata, kada wahalata ta tafi a banza."

Na buɗe baki zan yi magana, Barakatu ta riga ni miƙa hannu.

"Ba ni in gani, Yaya."

Ta juya shi a hankali har ta sami inda aka ƙulle jan zaren. Ta sa haƙori ta kwance ƙullin, ta ja. Saƙar kwarashi daga ƙarshe take warwarewa, don haka bakin ya yi ta zarewa tana naɗe shi a yatsunta, har ya ƙare a daidai inda nata ya tsaya. Duka bai kai girman ƙwan zabuwa ba.

"Ga naki, Yaya."

Hansai ta dube ni, ta dubi sauran. Sai ta karɓi zaren ta jefa a jaka, ta ce bari ta je kada ta rasa mota. Barakatu ta ninke sauran, karkatacce yadda ta saƙa shi, ta ɗora a kan cikinta ta riƙe da hannu biyu.