Uban da Ya Hana Ni Rubuta Sunansa

Duk wanda ya yi aiki da ni a ofishin rajistar haihuwa a Kazaure ya san abin da nake taƙama da shi: ido. Nakan ce a jera min maza goma a kawo jariri ɗaya, daga kunne kawai zan nuna uban. Ko ɗan akuya aka sayo a kasuwar Babura, zan faɗi bunsurun da ya haife shi. Haka nake cika baki har wata Litinin bayan an yanke gero, ranar da har gobe ban manta da ita ba.

Ga waɗanda ba su san aikinmu ba: ƙa'ida a yi wa yaro rajista tun yana jariri, amma mutanenmu ba sa tunawa da mu sai makaranta ta matsa. Wanda bai kai sha takwas ba muna yi masa ko da an makara. Takardar tana da gurbin sunan yaro, da na mahaifi, da na mahaifiya, sai can ƙasa gurbin wanda ya kawo bayani da alaƙarsa da yaron.

Da hantsi sai ga wani tela daga Roni, Malam Sale, da yarinya mai suna Hadiza, 'yar shekara sha bakwai. Makarantar koyon aikin lafiya ta ɗauke ta, ranar Juma'a za a rufe tantance takardu, kuma ba ta da takardar haihuwa. In ba ta kai ba, gurbin ya tafi.

Na dube su. Shi da wushirya, ita da wushirya. Shi yana karkata kai in zai yi magana, ita ma haka. Na ja biro na ce, "Malam, ba sai ka wahalar da bakinka ba. Wannan ai kaki ka yi ka tofar. Sunan mahaifi, Sale wa?"

Ya ɗora yatsa a kan takardar. "Yallaɓai, dakata. Ba ni na haife ta ba. Uwarta na aura tana goye da ita, bayan rasuwar mahaifinta."

Na yi tari, na gyara hula, na ce dama gwada shi nake yi.

Hadiza ta ce, "Baba, don Allah ka bari ya rubuta. Duk takardun makarantata Hadiza Sale ne. In suka ga wani suna daban, cewa za su yi takardar wata na ɗauko. Kuma ni ban san wani uba ba sai kai."

Ni ma na ga hanyar ta fi sauƙi. Na rage murya na ce, "Malam Sale, kai ka ci da ita, kai ka sa ta makaranta. Wa zai sani?"

Ya ce, "Ni zan sani. Bawan Allahn nan bai bar gona ba, bai bar saniya ba. Ita kaɗai ya bari. In na cire sunansa daga kanta, me ya rage masa a duniya?"

Yarinya ta fara hawaye, ni kuma na rasa barkwancin da zan yi, abin da bai taɓa faruwa da ni ba tun da aka yaye ni. Sai na kwashe su zuwa wajen shugabar ofishinmu, Hajiya Binta.

Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam Ado, auren uwa ba ya sauya mahaifi a rajista, komai daɗewar riƙo. Amma wa ya ce sai an taɓa sunan yarinya? Sunan da aka san ta da shi ya zauna a gurbinta, na marigayi ya shiga gurbin mahaifi. A kawo takardar mai unguwa, a yi rantsuwa a kotu cewa Malam Sale ne ya riƙe ta shi ya sa take amsa sunansa. Makaranta za ta karɓa. To, mene ne sunan marigayin?"

Malam Sale ya sosa ƙeya ya ce shi dai Ɗanbaba yake jin ana ce masa. Wannan kuwa laƙabi ne, ba ya shiga takarda. Hadiza ma ba ta sani ba, don ba ta taɓa jin sunan a bakin uwarta ba.

Na buga ƙirji na ce, "Ranki ya daɗe, a bar min. Ni da nake sa kurma magana?"

Washegari muka tafi Roni, ni a babur ɗina, su a nasu. Mahaifiyar Hadiza 'yar gidan Fulani ce daga wajen Gwiwa. Ta gaishe ni daga bayan labule, ta aiko da fura. Da na tambayi sunan, sai na ji tsit. Mijinta na fari ne, ba za ta kama sunansa ba, a raye ko a mace. Ita Hadizar ma "yarinyar nan" take ce mata, don 'yar fari ce. Na yi lallashi, na yi wasa, na ce gwamnati ce ke tambaya. Ta ce, "To gwamnati ta je ta tambayi wani."

Muka nausa ƙauyen marigayin a Gwiwa, hanyar da sai da ta sauya wa hanjina wurin zama. Mahaifiyarsa na nan da rai, tsohuwa tukuf. Na durƙusa na ce, "Inna, sunan ɗanki muke so." Ta dube ni sama da ƙasa, ni da furfurata, ta ce, "Kai yaron nan, a gidanku ba a koya kunya? Ɗan farin nawa?"

Mai unguwar ƙauyen ne ya cece mu. Tare suka yi kiwo da marigayin suna yara. Ya ce, "Habibu ne, ɗan Jibo," ya zauna ya rubuta mana shaida. Da ya bayyana wa tsohuwa abin da ya kawo mu, cewa an ba telan nan dama ya sa sunansa ya ƙi, sai ta kama hannun Hadiza ta riƙe. Sannan ta ce wa Malam Sale, "Allah ya sa a tuna da kai yadda ka tuna da shi."

Aka yi rantsuwa a kotu, ranar Alhamis na cike takarda. A gurbin mahaifi, Habibu Jibo. A gurbin mai kawo bayani, Sale, uban riƙo. Hadiza ta karanta ta sake karantawa, ta ce, "Ashe duk su biyun sun samu wuri." Makaranta ta karɓa ba gardama.

Ina gode wa Allah da ya haɗa ni da Hajiya Binta, da telan da ya tare min biro. Tun ranar, ku yaran ofis kun ga ba na rubuta mahaifi sai na tambaya, kuma in uwa ta yi shiru ba na ɗauka taurin kai ne, mai unguwa nake nema. Wanda ya haifa daban, wanda ya riƙa daban, kuma takarda tana da wurin kowa.

Bara idona ya fara yi min hazo, na je asibiti. Wa zan tarar a ɗakin gwajin ido? Hadiza, cikin fararen kaya. Muka gaisa, na tambayi Babanta, na ce wa sauran ma'aikatan, "Ku ce abin da za ku ce, amma kamar da take yi da Babanta fa ni na gan ta." Ta zaunar da ni, ta rufe min ido ɗaya, ta nuna allo da sanda. Na karanta babban harafin sama, daga nan na fara canka.

Ta ajiye sandar ta ce, "Baba Ado, yanzu da wannan idon kake raba wa mutane iyaye?"