Ƙwayar Ido da Ƙodar Baba

Shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara, idon Baba ya fara dushewa. Na kai shi asibiti a Kano. Suka ce ruwa ne ya taru yana danne idon, suka ba mu wasu fararen ƙwayoyi, a sha safe da rana da dare. Da muka dawo Wudil na yi ta nanata masa ƙa'idar har ya gaji da ni.

"Kai dai tsoro kamar farar kura," in ji shi. "Magani ai magani ne."

Da aka ga wata, Baba ya ƙi ajiye azumi. Na roƙe shi, limamin unguwarmu ma ya ce marar lafiya yana da uzuri. Baba ya ce idonsa ke ciwo, ba cikinsa ba. Sai ya riƙa haɗa rabon yini gaba ɗaya ya haɗiye da sahur, ya wuni cikin zafin nan babu ɗigon ruwa.

Da farko ya ce yana jin kamar tururuwa na yawo a yatsunsa. Daga nan fitsari ya yawaita, ƙafafu suka saki. Wata la'asar na tarar da shi a zaure yana jan numfashi kamar wanda ya yi tsere, alhali ko motsi bai yi ba. Muka sa shi a motar kaya, sai Kano.

Likitan ba ya jin Hausa, sai ya yi bayani ta bakin tafinta: ƙwayar tana sa ƙoda ta zubar da abin da ke kashe tsamin jini. An sha da yawa, babu ruwa, jinin ya yi tsami. Na sake tambaya don ban yarda da kunnena ba. Ina ido, ina ƙoda? Tun da nake ban taɓa jin jini yana tsami kamar nono ba.

Aka dama masa wani farin gari. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Kanwa? Sai ka ce saniya suka samu!"

Likita ya ce ƙodar ta jigata, kada ya ƙara shan ƙwayar. Na ce, "To idon fa?" Tafinta ya dubi ƙasa, bai juya maganata ba.

Numfashin Baba ya daidaita, ƙafafunsa suka dawo. Da kaka ta yi, ni na riƙe hannunsa zuwa gonarmu ta Utai. Ya laluba ya kamo zangarniyar dawa, ya tambaye ni ko ta nuna.