Tumatirina da Zogalen Baba

Shekarar da arzikin man fetur ya sa takin zamani ya yi araha, na dawo Pauwa daga makarantar aikin gona ina ji da kaina. Zafin bazara ya sa tumatirinmu na fadama ya yi yaushi. Baba, wan mahaifina, ya daka ganyen zogale ya jiƙa a tulu, yana yayyafa wa nasa da tsintsiya.

Na ƙyalƙyale da dariya. "Baba, kwaɗo za a yi wa tumatir?"

Ni kuwa na antaya wa nawa taki, ba awo. Cikin kwana huɗu tumatirina ya ƙone ƙurmus, na Baba ya miƙe.

Da nasa ya nuna, da kansa ya kawo mini kwando guda. Ya ce, "Malamin gona, a yi miya."