Ledar da Aka Shimfiɗa wa Gangare

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana aikin famfo, kuma duk gidan da ya shiga tambaya ɗaya ce a bakinsa tun kafin ya ajiye jakar kayan aiki: "Ina gangaren?" Har ta zame masa suna, Gangare. Shi a wurinsa ruwa ba ya jin lallashi, ba ya jin tsawa, ƙasa kawai ya sani. Ka ba shi gangare ya tafi salin alin, ka hana shi ya nemi hanyarsa ta cikin ɗakinka. Bai taɓa sayen ma'auni ba. Wata tsohuwar kwalba yake da ita, rabinta ruwa, ya kwantar da ita a kan bututu ya duba inda ruwan ya karkata.

Da tsufa ya sa hannunsa ya fara rawa, sifana ta soma suɓuce masa, babban ɗansa ya ɗauko shi ya dawo da shi gidansa. Ɗan nan ma'aikacin ofis ne, uban na tsokanarsa da Manaja. Aka gyara wa tsoho ɗakin da ke manne da kicin, wanda a da sito ne. Ba laifi, ana kula da shi. Abinci a kan lokaci, magani a kan lokaci. Sai dai kulawar irin wadda ba a tambayar mutum komai ce, kuma wannan ita ke cin ransa.

Matar Manaja mace ce mai neman na kanta. Masu shagunan layin na sayen ƙanƙara a wurinta, firji ya kasa, sai ta sayo injin yin ƙanƙara. Ranar da za a kafa shi, wasu samari biyu suka zo daga kamfani, riga iri ɗaya, kowa da waya a hannu. Suka jingina injin da bangon da ya raba kicin da ɗakin Gangare. Injin ƙanƙara kuwa ba ya rabo da zubar da ruwa, na narkewa da na ɗauraye cikinsa, ta wani tiyo da ke ƙasansa. Samarin suka ja tiyon nan a ƙasa, suka ɗaga shi ya haye dokin ƙofa, suka sake ɗaga shi suka cusa a bututun wurin wanke-wanke. Wato an umarci ruwa ya hau tudu har sau biyu.

Gangare na tsaye a bakin ƙofa da sandarsa. Ya ce, "Samari, ina gangaren?"

Ɗaya ya yi murmushi bai ko ɗago ba. Manaja ya kamo kafaɗar uban, ya ce, "Baba, ka huta mana. Wannan na zamani ne, su aka koya wa."

A gidan ɗan da ya yi karatu da kuɗin bututu! Tsoho ya juya, ya koma ɗaki.

Kwana huɗu da fara aikin injin, ya sauko da ƙafa daga gado da safe ya ji ta cikin ruwa. Ɗan kududdufi ne a gefen gadon, har ya jiƙa gefen zanin da ya zubo ƙasa. Ko bai sunkuya ba ya san labarin. Ruwa ya cika tiyo, ya rasa hanya, ya koma ya tumbatsa a ƙarƙashin injin, ya bi ta ƙasan bango. Daɓen tsohon siton kuwa ya fi na kicin ƙasa da yatsa biyu, shi ya sa kicin yake a bushe ƙarau. Da surukar ta shigo da shayi ya nuna mata.

"'Yar nan, injinki ne ke zuba."

Ta dubi ruwan, ta dubi zanin, ta kau da kai. "To, Baba. Ba komai, yanzu zan goge."

Wannan "ba komai" bai gane ta ba sai bayan kwana uku. Kullum ruwa, kullum a goge, kullum a canja zanin gado ko bai jiƙe ba. Aka daina kawo masa shayin yamma. Ya nemi ruwan sha bayan cin abinci, aka kawo rabin kofi. Ranar ta uku ya dawo daga zaman ƙofar gida, ya zauna a bakin gado, sai ya ji wani ƙaras-ƙaras a ƙarƙashinsa. Ya ɗaga zanin. Leda ce, irin wadda ake shimfiɗa wa jarirai, sabuwa fil, an lanƙwasa gefenta a ƙarƙashin katifa don kada ya gani.

Ransa ya ɓaci irin ɓacin da bai taɓa yi ba. Kuma wallahi yana da gaskiya. Mutumin da ya kwana ya tashi cikin ruwan gidajen mutane, wanda ke jin ɗigon bututu a bayan siminti, shi ne yau bai san bambancin ruwan inji da fitsarinsa ba? Da sun tambaye shi baki da baki, da ya yi faɗa ya huce. Amma sun zauna su biyu sun yanke hukunci a bayan idonsa, sun kuma yi masa kara. Karar ce ta fi komai ciwo, domin ba a musu da wanda yake tausayinka.

Ya kira Manaja. Ya yi masa bayani tiryan-tiryan, tiyo, dokin ƙofa, daɓe. Manaja na sunkuye yana gyaɗa kai.

"Haka ne, Baba. Za a duba. Amma ka san ba abin kunya ba ne, shekaru ne. Akwai likitan da..."

"Tashi ka ba ni wuri."

Washegari ya sa kaya biyu a jaka. Ya sa surukar ta goge ɗakin a gabansa har ya bushe, ya kulle ƙofa, ya danƙa wa Manaja makullin.

"Zan je wurin ƙanwata, kwana uku. Kada wanda ya buɗe. In na dawo mu buɗe tare."

"Haba Baba, me ya yi zafi?"

"Kai dai riƙe."

A gidan ƙanwar tasa ya kwana uku a kan farin zani, yana shan shayinsa kofi biyu da gayya. Ita ko tambayarsa ba ta yi ba, ta san halin yayanta.

Ranar da ya dawo, Manaja ya murɗa makulli a gaban matarsa. Ruwa ya malale rabin ɗakin, ya kai ƙafar akwati, takalman tsoho na tsakiyarsa. Gangare ya dogara sandarsa ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"To, ku gaya mini. Daga can na aiko da shi?"

Surukar ta rufe fuska da gyale.  Manaja ya ce, "Bari in kira kamfanin."

"Ba wanda za ka kira. Cire rigar ofis ɗin nan."

Hannunsa ba ya iya aikin, amma ido da baki suna nan. Ya sa aka janyo injin, aka ɗora shi a kan bulo huɗu. Ya sa Manaja ya cire tiyon daga bututun wanke-wanke, ya yanke rararsa, ya mayar da shi ta ɗaya gefen, zuwa ramin magudanar da ke kusurwar kicin, wanda samarin kamfani ba su ko kalla ba. Ya ciro kwalbarsa daga jaka ya miƙa masa.

"Kwantar da ita a kan tiyon. Ina ruwan ya tafi?"

"Wajen injin."

"To ba ka yi komai ba. Sake."

Sau biyar ana sakewa. Manaja ya yi sharkaf da gumi, gwiwar wandonsa ta yi baƙi, ya fasa farce. Da ya zo cusa bakin tiyon cikin ramin, uban ya buga sanda a ƙasa.

"Ɗaga shi! Bar yatsa biyu tsakaninsa da ramin. In magudana ta toshe, ƙazanta ta hau, so kake ta shiga ƙanƙarar da mutane za su sha?"

Aka kunna inji. Ba a jima ba ruwa ya gangaro siriri, ya faɗa ramin, ya wuce abinsa.

Surukar ta durƙusa. "Baba, ka yafe mana." Sai ta miƙe ta nufi gadon, ta fara zare ledar da sauri kamar za ta ƙone ta.

"Kawo ta nan," in ji shi.

Ya karɓa. Da hannun nan mai rawa ya ninke ta gida huɗu, a hankali, ya buɗe akwatinsa ya sa ta a kan jakar kayan aiki, ya mayar da kwalbar kusa da ita.

"Baba, a yar da ita mana," in ji Manaja.

"Ba za a yar ba. Ni ba yaro ba ne, na san ranar tana tafe, ba kuma nisa gare ta ba." Ya rufe akwatin. "Amma in ta zo, da bakina zan gaya muku, ni zan miƙa muku ledar. Kafin nan, in kun ga ruwa a ƙasa, ku tambaye ni."