Motocin da Ke Cikin Tumbin Tamu

Baba Sahabi direba ne tun ina jan gindi. Jega zuwa Aliero, Jega zuwa Maiyama, babu ramin da bai san sunansa ba. Sai Tamu, shugaban layinsu, ya tashi gaban 'yan tasha ya ce idon Sahabi ya mutu, har ya gai da buhun albasa a garin Kashin Zama. Aka karɓe makullin mota. Tun daga nan, ko Tamu ya yi atishawa Baba ba ya yi masa addu'a.

Rannan 'yarsa Hamdiyya, mai karatu a jami'a, ta nuna masa bidiyo a waya. Wai masana na gwada wasu injuna da ido ba ya gani, masu kai kansu inda ciwo yake su sauke magani. Da Turanci sunansu mota.

"Mota? Wa ka tuƙi?"

"Ba kowa, Baba. Kuma gwaji ne, ba su iso ba."

Ƙarshen maganar nan Baba ya bar mata abinta.

Da gyambon ciki ya kwantar da Tamu, 'yan tasha suka tafi dubiya, har da Baba. Ya ɗauki kafso ɗaya, ya girgiza a kunne.

"Shugaba, nawa ka haɗiye?"

"Shida."

"Innalillahi! Sabon maganin nan ne. Motoci na ciki, ba direba, ba birki. Ɗiyata ta gwada min."

Cikin Tamu ya yi ƙugi.

"Ka ji? Wagga ta shiga giya ta ukku."

Tamu ya dafe tumbi. "Sahabi, don Allah, ƙaƙa aka tsai da su?"

"Sai direba. Ni ko makaho ne."

"Wa ya ce? Idonka garau! Jama'a ku shaida, ƙarya na yi mishi!"

"Ƙara faɗi, na baya ba su jiya ba."

Ya ƙara. Baba ya naɗe hannun riga, ya buga tumbin nan kamar yaron mota na bugun bodi.

"Faka!"

Tamu ya yi gyatsa, ya ce wallahi sun tsaya.

Washegari aka mayar wa Baba makulli. Da rana na gan shi yana ta murɗa shi a ƙofar motar wani, yana zagin Tamu wai ya sauya masa kubar ƙofa. Ni dai yanzu Aliero a babur nake zuwa.