Sunan Shinkafa a Bakin Baƙo

Ming Sarun ce mai dafa shayi a tsohon otal ɗin Phnom Penh, inda sabuwar gwamnati ke zama da baƙi masu agaji. Kafin yaƙi kunun shinkafa take sayarwa a bakin kogi. Ni tafinta ne, don na gama jami'a kafin Ƙungiyar da ta mulke mu a baya ta kora mu aikin dole a gonaki. Har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai in nemi wurin ɓuya.

Zaman kamar a mafarki ake yin sa. Fanka na juyawa a hankali, ciyawa ta tsiro a matakala. Baƙin sun ce abincinsu ba ya da ɓangare, kowa za su ba, har waɗanda suka gudu bakin iyaka. Jami'an gwamnatinmu suka ce ta hannunsu kaɗai zai bi. Jirgin shinkafa kuwa na can kan teku yana jira.

Wani cikin baƙin ya tsinci 'yan kalmomin harshenmu na Khmer. Duk sanda Ming ta ajiye masa shayi sai ya yi murmushi ya ce mata angka na nan tafe. Shinkafa yake nufi. Amma a bakinsa, sunan shinkafa da sunan Ƙungiyar da ta tafi da mijinta da 'ya'yanta ɗaya suke fita.

Wata safiya na tarar da ita bayan kicin ta ƙulle kayanta a gyale, za ta kama hanyar iyaka da ƙafafun da yunwa ta kumbura. Na san ba za ta kai ba.

"Ming, shinkafa yake nufi, ba su ba."

"Ɗana, karatun ya toshe maka kunne ne? Wancan karon ma da murmushi suka faɗa."

Na roƙe ta ta saurara da kyau. Na faɗi kalma ta farko, ta shinkafa. Saura ta biyun, wadda ban furta ba tun dawowata. Na faɗe ta ƙasa-ƙasa, muka waiwaya, ba wanda ya fito daga bayan bango.

Ta daɗe tana kallona. Ta ce in gaya wa mai dogon hancin nan ya bar harshen mutane ya huta. Sannan ta zauna kan ƙullin, ta miƙe ƙafafunta cikin rana. Ta ce za ta jira jirgin, amma ba za ta kwance kaya ba sai ta ga ƙwayar a tafin hannunta.